A duba indararon Gidan Ɗan Hausa kafin damina

Malam Edita,

Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda Hanns Vischer, Baturen ilimi na zamanin mulkin mallaka da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna da iyalinsa, ginin ƙasa ne mai rufin azara, kuma ba abin da ke cinsa kamar ruwa. Kafin damina a riƙa share ganyen da itatuwan lambu ke zubarwa a kan soro, domin shi ke toshe indararo, ruwa ya kwanta har ya ratsa azara. A sabunta yaɓe da makuba, ban da siminti, wanda ke kulle laima cikin bango har ƙasa ta jiƙe ta ciki, wata rana ya ɓantare gaba ɗaya. Ban ruwan furanni kuma a nisanta shi da gindin bango, aƙalla mita biyu.

Wasu magina, Kano