Na kalli Shaihu Umar, sai ka faɗo mini a rai

Jos, daren Talata

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan sanyi ya sauko sosai, ruwan alwalar asuba sai an ɗumama. Wata bakwai rabon da in ji muryarka, in ban da barka da Sallar da ka tura wa duniya a WhatsApp. Wai an ba ka hutun nan kuwa?

Jiya na kalli Shaihu Umar. Fim ɗin nake nufi, ba littafin da muka karanta a sakandare ba. Ɗan Yaya da ke makarantar koyon fim ta nan Jos ne ya zo da shi a kwamfutarsa. Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976, daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka haska a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Hedkwatar hukumar nan a garinmu take, amma sai da Turawa suka kalla kafin ya iso falona. Wannan ya yi mini ciwo.

Da farko ina ta kallon rawuna da raƙuma, ina sauraron Hausar mutanen da, mai nauyi, ba gaggawa. Amma da aka zo inda uwar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, duk don ta sake ganin fuskarsa, wallahi sai na kasa haɗiye yawu. Inna na gani. Ka tuna ranar da muka makara a silima, muka tarar da ita tsaye a bakin layi da fitilar ƙwai, ta yafa mayafi biyu saboda sanyi? Ko faɗa ba ta yi ba, hannuna kawai ta kama ta ji ya yi ƙanƙara, ta cusa shi cikin mayafinta. Bana shekara huɗu da rasuwarta. Shayin da uwargida ta kawo mini har ya huce ban taɓa ba.

Sholay muka je gani a daren nan, a Kwararafa, karo na uku. Ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba ma ji, amma ka fi mai fim ɗin sanin labarin. Kuma kar ka musa, lokacin da Jai ya mutu, abokinsa Veeru ya juya kwabon nan da Jai ke jefa musu ƙuri'a da shi ya ga ashe fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, kuka ka yi shaɓe-shaɓe, ka ce hayaƙin taba ne. Hayaƙin taba! Sati guda kana bin mu kana kwaikwayon muryar Gabbar, mugun fim ɗin, har sai da Malam ya tsula maka bulala. Yaran yanzu suna kallon fassarar Hausa a waya, kowa da abin kunnensa, shi kaɗai a lungu. Ina tausaya musu, don ba su san daɗin mutum ɗari biyar su yi ihu lokaci guda ba.

Af, mai shayinmu na Bauchi Road ya aurar da autarsa, ya tambaye ka har sau biyu. Dogo kuma ya sayi Keke Napep, yanzu gaisuwa ma sai ta hon.

Ranar Juma'a na biya Unguwar Rogo na gaida Hajiyarka. Ƙafar da sauƙi, tana zuwa har zaure da sanda. Kuɗin da kake turowa suna isowa, ta ce Allah ya yi albarka. Amma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ta ɗago kai, ta ce a duba ko kai ne. Sau uku aka yi haka ina zaune.

Ka kira ta gobe bayan Magariba, lokacin ne jikokin ke kusa su riƙe mata wayar. In ka zo kuma, na ce wa yaron kar ya goge fim ɗin, tare za mu kalla.

Ka gaida Madam da yara.

Naka har kullum.