Abin da Raunin Harsashi Ke Faɗa wa Masu Bincike

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan binciken raunin harbi. Idan bindiga ta tashi daga kusa, hayaƙinta yakan bar ɓurɓushin sinadarai irin su dalma da bariyam da antimoni a fata da tufa, yayin da wasu sababbin harsasai ke barin tutiya da titaniyam, kuma wannan bambanci ne ke nuna wa masana nau'in harsashin. Sai dai ilimin yana da iyaka, domin a 2005 hukumar FBI ta Amurka ta daina kwatanta dalmar harsashin da aka samu a wurin laifi da ta harsasan wanda ake zargi bayan an soki ingancin hanyar. Damuwata ita ce, wankan gawa kafin likita ya ɗebi samfuri yakan tafi da wannan shaida.

Naku,
Mai karatu daga Zariya