Sanarwa kan bitar bayoloji ta wannan makon

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Bitar wannan makon kan yadda tsiro ke haɗa abincinsa ne da kuma numfashi. Na lura da yawanmu mun ɗauka tsiro da dare kaɗai yake numfashi. Ba haka ba ne. Dare da rana yana yi, kamar dabba. Haɗa abinci ne ke tsayawa in babu haske.

Gwajin sitaci a ganye kuwa, ku riƙe shi da kyau, masu jarrabawa na son sa. A ajiye tsiron a duhu awa 48, sannan a fito da shi rana. A tsinko ganye a tsoma a tafasasshen ruwa, a sa shi cikin alkohol har korensa ya fita, a ɗauraye, a ɗiga aidin. Inda sitaci yake zai koma shuɗi mai duhu. Alkohol ɗin cikin ruwan zafi ake ɗumama shi, kada a kai shi kusa da wuta.

Kowa ya zano zuciyar kifi mai ɗaki 2, ta kwaɗo mai 3, ta mutum mai 4, ya turo nan. Da hannu don Allah, ban da hoton intanet.