Aminin mahaifina ya raba ni da azurfar gidanmu da sunan musaya, ga 'yan uwa sun taso mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina gaishe ka tare da duk ma'aikatan wannan shiri, Allah ya saka muku da alheri. Ina roƙon kada a ambaci sunana, don duk wanda ya san gidanmu a Tudun Wada yana jin labarin zai gane ko su wane ne.

Malam, tun daren Asabar hankalina bai kwanta ba. Yayata da muke ciki ɗaya, wadda ta goye ni, ita ce ta kira ni a waya tana kuka tana cewa na ci gadon marayu. Ni da na yi jinyar Baba har ya cika a hannuna, yau ni ake faɗa wa wannan magana. Kuma wanda ya jawo mini duk wannan yana can gidansa yana barci lafiya lau, gobe da asuba a sahun gaba za ka same shi.

Bari in koma baya. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, mutum ne da ba ya yar da komai. A ƙasan akwatinsa na ƙarfe akwai wani babban gwangwanin madara da ya naɗe da tsohon rawani, cike da kuɗin da. Tun ina firamare yakan zazzage su a kan tabarma bayan isha'i ya koya mini lissafinsu: anini goma kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam guda. Ya ce lokacin da aka kawo naira a farkon 1973, aka ce fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma, mutane suka yi ta rububin kai nasu canji, shi kuwa ya ware waɗansu ya ɓoye. Akwai aninai masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, har da guda biyu na alminiyam na 1908 marasa nauyi ko kaɗan. Akwai dari, wato rabin kwabo, da kwabo, da taro mai kwabo uku, da sisi mai kwabo shida. Akwai na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da kuɗin ƙasa, irin taron nan mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, da sisi mai hoton koko. Sai kuma sule da fataka, wato sule biyu, masu bishiyar kwakwar manja a baya da kan Sarki Joji na Biyar a gaba, na tsakanin 1913 da 1919. Waɗannan azurfa ne, don sai a 1920 Turawa suka daina buga su da azurfa suka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. A can ƙasan duka, cikin wata 'yar jakar fata, akwai liyari shida na kakarmu, Hajiya Babba, masu hoton wata sarauniya a gefe ɗaya da mikiya mai kai biyu a ɗaya gefen, an rubuta 1780. Biyu daga ciki an yi musu kunne don a rataya a wuya.

A duk gidanmu babu wanda ya taɓa kallon gwangwanin nan sau biyu sai ni. Wannan ina so a riƙe shi. Ƙannena dariya suke yi in Baba ya fito da shi, su ce tarkace. Kuma Baba da bakinsa ya ce mini, ba sau ɗaya ba, kai ne mai son tarihi, kai za ka riƙe waɗannan. Ni malamin makaranta ne, ina kai waɗansu aji ina nuna wa yara, har na taɓa raka ɗalibaina gidan tarihi na kan titin Ali Akilu saboda son abin.

To bayan rasuwarsa sai na fara zuwa wata majalisa ta masu tara tsofaffin kuɗi, a shagon wani dattijo a cikin gari, ranar Asabar bayan la'asar. Mutanen kirki ne akasarinsu. Kowa ya kawo abin da yake da shi fiye da ɗaya a yi musaya, ka ba da kwabon da kake da uku irinsa ka karɓi sisin da ba ka da shi. A nan na fara jin cewa ba tsufa kawai ake dubawa ba, ana duba shekara, da ko rubutun ya goge, da wani ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, da ke nuna wace maƙera ce ta buga shi a Birmingham ta Ingila. Ban taɓa kai azurfar can ba, ƙananan nake ɗiba.

Shi wannan Alhajin da nake magana, ba a majalisar na san shi ba. Aminin Baba ne tun suna samari, shi ya yanka ragon sunana, Baba Alhaji nake ce masa, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Yana zuwa majalisar jefi-jefi, ana girmama shi don ya fi kowa kaya. Ranar da ya gan ni a can sai ya ja ni gefe ya ce, ɗana, kada ka kuskura ka kawo kayan marigayi cikin mutanen nan, za su cuce ka, bari in zo gida in duba maka tsakani da Allah. Yanzu na gane tun ranar ya gama shirinsa. Ya san abin da ke cikin gwangwanin nan tun Baba na da rai, jira kawai yake yi.

Ya zo bayan magariba, na shimfiɗa masa darduma a zaure. Ya fito da gilashin ƙara girma daga aljihu, ya ɗauki liyari ɗaya ya juya shi gaba da baya, ya taɓe baki. Ya ce kada 1780 ɗin nan ta ruɗe ni, sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Taresa, a shekarar ta mutu, amma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara har cikin zamaninmu, a Biyana da Landan da Rum har da Bombay, miliyoyi barkatai. Ya ce biyun da aka yi wa kunne kuwa sun tashi daga kuɗi sun koma kayan ado. Da ya zo kan fataka sai ya girgiza kai ya ce wa ya wanke su? Maiɗakina ce ta goge waɗansu da toka da lemun tsami don su yi haske, da kyakkyawar niyya ta yi, kuma wa zai ce tsabta aibi ce? Ya ce ai an kashe su, mai tara kuɗi ba ya sayen wanda aka kankare.

Sai da ya ga jikina ya yi sanyi sannan ya zaro wata 'yar ambulan daga cikin hularsa. Kwabo ne da dari na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas. Ya ce wannan sarki bai cika shekara a kan gado ba, ya hau a Janairu ya sauka a Disamba saboda wata bazawara 'yar Amurka, kuma ko a Ingila kuɗi mai hotonsa bai shiga hannun jama'a ba. Ya ce don albarkacin marigayi kawai zai rabu da su. Malam, in mutumin da ya yanka maka ragon suna ya faɗa maka haka, da furfurarsa, da carbi a hannu, kai za ka ce masa bari in je in bincika? Na ba shi liyari shida da fataka da sulallan azurfar duka, ya ba ni kwabbai takwas da dari guda huɗu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya yanke ta a inda ta yi masa daɗi. Da na kai kwabban majalisa ina murna, wani yaro ɗalibin jami'a ya buɗe littafin farashin da yake yawo da shi ya nuna mini. Eh, sarkin bai daɗe ba, amma kwabonmu na nan mai huda ne, ba ya buƙatar hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka an buga miliyoyinsu an watsa a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Dattijon mai shago ya jawo aljihun tebur, ga irinsu nan zube. Kowa ya yi tsit, ba wanda ya iya kallona.

Akwai fataka guda da ta maƙale a cikin rawanin, ita kaɗai ta tsira. Na kai ta wurin wani maƙerin azurfa a babbar kasuwa. Ya kara mata maganaɗisu ba ta kama ba, ya sake ta a kan siminti ya saurari ƙararta, ya ɗora a ɗan sikelinsa, giram goma sha ɗaya da 'yan kai, an goge ko ba a goge ba nauyin na nan. Da na ba shi labarin liyari ya ce kowane ɗaya giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce zalla, shekarar da aka rubuta ba ta dame shi ba. Ya buga lissafin abin da na bayar gaba ɗaya, a kan nauyi kawai, ya fi albashina na wata biyu. Kwabban Alhaji kuwa ya ce ba su da ko ɗigon azurfa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi Alhaji da ya shekara arba'in a harkar nan ya fi kowa sanin abin da ya ɗauka.

Na je gidansa, na durƙusa yadda na saba, na yi magana cikin ladabi. Ya ce ciniki ya faɗa, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, kuma masu tara kuɗi ba da sikeli suke ciniki ba, sha'awa ce, abin da ka ga ya yi maka shi ne farashinsa. Har ya ce ai ya ɗora mini naira dubu ashirin a kai. Gaskiya ne ya bayar, amma cewa ya yi in sayi goro, bai ce kuɗin ciniki ba ne, kuma a maganin Inna suka tafi, ko sisi ban ci ba. Daga nan na koma ya ce a ce ba ya nan, ga motarsa a ƙofar gida.

Ban faɗa wa kowa a gida ba don ina sa ran zan karɓo kayan a rufe maganar. Sai ranar Asabar ɗin nan Yaya ta je biki a Unguwar Rimi ta ga liyarin Hajiya Babba a wuyan 'yar Alhaji. Ta gane shi da kunnen da ya ɗan karkace, don ita ma da shi aka kai ta ɗakin miji. Da aka tambaya sai matarsa ta ce ai ɗan marigayi ne ya sayar musu. Sayarwa, Malam! Haka labarin ya iso gidanmu.

Yanzu amaryar Baba, da take da yara uku ƙanana, ta kai ƙara wurin Kawu. Suna cewa lokacin rabon gado an lissafa gida da fili da babur amma ba a kawo gwangwanin ba. To wa ya tambaya? Kowa ya san yana ɗakina tun Baba na kwance. Wani malamin unguwarmu ya ce wai babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda, kuma kyauta ba ta tabbata sai an miƙa an karɓa mai ita na da lafiya, ya tambaye ni shaidu. Maganar uba da ɗa a tsakar dare wane shaida za a kira? Da tarkace ne ba wanda ya ce na marayu ne, sai da aka ji kalmar azurfa. Liyarin ma Yaya cewa take na mata ne tun daga kaka, ba na Baba ba ne balle ya bayar, wannan kuma ban taɓa ji ba sai yanzu.

Abin da na so in tambaya tun farko shi ne yadda ake gane farashin gaskiya na irin waɗannan kaya, shin nauyi ake bi, ko littafi, ko abin da mai saye ya ga dama, don har yanzu akwai aninan alminiyam ɗin nan da wani yake ta bibiyata a kansu, kuma na daina yarda da kowa. Amma ba ma wannan ba. Shin cinikin da aka yi da wanda ya sani da wanda bai sani ba, mai sanin ya ɓoye rabin gaskiya, ya halatta a shari'a? Ina da ikon in kai shi gaban mai unguwa ko kotu, alhali babu takarda, kuma daga ni sai shi a zauren? In na kai shi, mutane za su ce na tozarta aminin ubana. In na yi shiru, 'yan uwana za su tafi da cewa ni na sayar na cinye.

Kawu ya kira taron gida bayan sallar Juma'a mai zuwa. Maiɗakina ta ce in ci bashi in biya kowa rabonsa a huta, amma in na biya ai na amsa laifin da ba ni na yi ba, shi kuma Alhaji ya ci bulus ke nan. Yaya ba ta ɗaga wayata, na aika ɗana da saƙo ta ce ya koma. Don girman Allah, Malam, a karanta wasiƙar nan kafin Juma'a, a faɗa mini da wace magana zan fara a gaban Kawu, kuma ko ya dace in nemi a kira Alhaji ya zauna a wurin ya maimaita abin da ya faɗa mini a zaure.

Wassalam. Naku mai sauraro a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.