Zuwa ga ƙanena mai tambayar me ya sa waƙarsa ba ta kama mutane

Salamu alaikum ƙanena. Ranar da muka zauna a Agege ka tambaye ni gaban jama'a, wai amsa-amon waƙarka, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, ya zauna daram tun daga baitin farko har na ƙarshe amma in ka karanta babu mai ko gyara zama. Hayaniya ta hana ni amsa maka, to ga shi.

Gaskiya waƙar taka da ido ka rubuta ta, kunne bai san an yi ba. Karin waƙar Hausa, wato ma'auninta, a kan nauyin gaɓa yake tafiya, mai nauyi da marar nauyi, kuma boko ba ya nuna tsawon wasali, garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya amma a baki ba ɗaya ba ne, to kai ka zauna kana ƙirga gaɓoɓi a waya kana cewa sun yi daidai, ina fa. Shahararren mawaƙin nan Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa. Ka tashi tsaye ka rera taka da ƙarfi, duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, nan ɗangon, wato layin baitin, ya karye.

Sai inda ka ce "Legas gari ne mai wahala sosai". Haba. Wa ka ba labari? Ni nuna min ɗan dako a kasuwar Mile 12 da asuba, kwandon tumatir a ka, ruwan na bin wuyansa, ko kwandastan motar haya ta danfo da ke lilo a ƙofa a Oshodi muryarsa ta dishe. In na gan su ni zan ce wahala da bakina.

Aikatau kuma, wato kalmomin aiki, nan ka fi ba ni haushi wallahi, "ya yi", "ya tafi", "akwai" ko'ina, alhali Hausa ta ba ka sulale, fice, rikito, kutsa. Ruwan Legas a watan Yuni ai ba sauka yake ba, kecewa yake. Ka yanka daban, ka yayyanka daban. In aikatau ya yi ƙarfi "sosai" ɗin nan da ka jera har sau 6 (na ƙirga) da kansu za su zube.

Baitinka na uku dai ka bar shi yadda yake, ya yi. Sauran ka sake su, kuma kar ka turo min a rubuce, ka ɗauki muryarka a WhatsApp in ji.