Zuwa Ga Masu Sayen Shinkafarmu: Dalilin Sauya Tsarin Farashi

Assalamu alaikum.

Iyayenmu mata masu sayar da abinci, 'yan'uwa masu shaguna, da Alhazan da ke aiko mota daga Dawanau da Singa, muna gaishe ku. Ya kasuwa, ya iyali?

Daga wannan watan ba za mu iya riƙe farashin buhu na wata guda kamar yadda muka saba ba. Duk Asabar za mu faɗi farashi, ya tsaya har Asabar ta zagayo. Mun san abin zai takura wa masu ɗaukar kaya su biya daga baya, shi ya sa ba mu so ku fara ji a bakin yaran awo ba.

Tun da zancen ya fita musu bai yanke ba a bencin ƙofar injin. Wasu na cewa gara gwamnati ta tsame hannunta kawai, kasuwa ta yi halinta. Wasu kuma na cewa ai tsame hannun ne ya kawo mu nan, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Da yawanku sun tambaye mu ina muka tsaya.

Bakinmu ba zai iya cewa ya kamata gwamnati ta koma gefe ba. Shinkafar rani da muke casa ruwan Tiga ta sha, madatsar da aka gina zamanin Audu Bako. Duk arzikin ɗan kasuwa ba zai haƙa magudanar ruwa tun daga can har Kadawa da Kura don mai rabin eka ya samu na noma ba. Ko wannan injin namu albarkacin manufar gwamnati ne. Bayan an ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, sannan aka rufe iyakoki a Agustan 2019, sai muka ga 'yar gida ta samu shiga, muka ci bashi muka sayo injin cire tsakuwa. Ba mu manta cewa ku kuka ɗauki nauyin wancan lokacin ba, domin shinkafa ta yi tsada, kuma mai ciyar da gida shi ya biya.

A Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Ba mu zargi niyyar ba, yunwa ta kai inda ta kai. Amma daga baya farashi ya karye alhali mun cika sito da shanshera mai tsada, wato shinkafar da ba a casa ba, muka sayar a faɗuwa. Manomin da ya sayi taki da ɗan karen tsada ya fi mu jin jiki, wasu ma sun ce mana sun haƙura da shinkafa. Shinkafa kan yi kusan wata huɗu a gona, bashin inji kuwa shekaru yake ɗauka, ta yaya mutum zai yi lissafi idan doka na iya juyawa cikin dare ɗaya? Shi ya sa muka koma faɗin farashi mako-mako.

Abin da muke roƙo shi ne gwamnati ta ja gaba a ruwa, wuta da hanya. A yashe magudanan da ciyawar kacalla ta toshe, a ba mu wutar da za ta raba mu da jarkar gas. Idan za a buɗe iyaka ko a rufe, a faɗa tun kafin manomi ya zuba iri. Farashin kwano kuwa a bar mu da ku, mun fi kowa sanin abin da aljihun juna zai ɗauka.

Buhunmu na nan kilo 50 cif, kuma wanda ya tarar da tsakuwa ya dawo da shi mu canza. Duk mai tsohon bashi a kan tsohon farashi zai biya. Mai son a ajiye masa kaya ya sanar da mu kafin Azahar ɗin Juma'a.

Allah Ya sa wa kasuwarku albarka.

Naku,
Masu injin casar shinkafa, Kura