Baba mai famfo ya riga mu gidan gaskiya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar Kumasi. Na san labari ya riga wasiƙar nan isowa: Allah Ya yi wa Baba mai famfo rasuwa daren Talata, aka yi masa sutura da hantsi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa aljanna ce makoma.

Ka san shi da riƙon gida, mutumin da ba ya cin tuwon dare sai ya ƙirga yaransa. Amma sai da ya kwanta ciwo unguwa ta gane nauyin da ya ɗauke mata a famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci. Famfon samfurin India Mark II ne, kuma ba a banza ya daɗe bai tsaya ba. Duk wata yakan buɗe murfin kan, ya goge sarƙar, ya shafa mata giris, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure. Cutar famfo kuwa daga hannu yake gane ta. In aka yi ta bugu da asuba kafin ruwa ya zo, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo ko mahaɗin bututu, ruwan ya zurare cikin dare. In ruwan na zuwa tsiri-tsiri, robobin silinda ne yashi ya cinye, wato abin da ke can ƙasa cikin rijiya yana turo ruwan sama. In hannun ya yi sako-sako ba nauyi, sanda ta kwance ko sarƙa ta tsinke. In ruwan ya zo ja kuma, tsatsar bututun ƙarfe ce.

Wahalar tana wurin fito da silinda. Bututu goma ne a rijiyar, kowanne mita 3, da sandarsa a ciki. A ɗago ɗaya, a maƙale na ƙasa da abin riƙo, a kwance na sama, a sake ɗagowa. Ba ya fara wannan aiki sai da majiya ƙarfi huɗu ko biyar, kuma ba ya yarda da gaggawa, don in bututu ya suɓuce ya faɗa ciki, kamo shi ya fi gyaran tsada. Bai taɓa karɓar ko sisi na lada ba. Karo-karon gidaje yana cikin wani ɗan littafi, shiga da fita, har kuɗin giris. Da an samu irinsa a kowace unguwa, da matattun famfunan da ke tsaye a bakin hanya ba su kai haka yawa ba.

Hajiya ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10. Malamai za su zauna bayan sadakar bakwai: a fara biyan bashi, a fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba, ita tana da tumuni tunda akwai 'ya'ya. Wasiyyar tasa dai sifanoni ne da akwatin kayan aiki, ya ce a bar wa masallaci. Samari biyu da ya koya wa aikin sun karɓi littafin, sai dai ba su taɓa fito da silinda ba tare da shi a kansu ba, ga robobin sun kusa canji.

Ƙananan yaransa biyu suna makaranta. In za ka aiko da wani abu, can ya fi dacewa a sa shi. Ka kira babban ɗan ka yi masa ta'aziyya, yana yawan tambayarka.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka amini,
daga Gumel